Waken Kaka a hannun kwamiti

Fiya-fiya ba baƙo ba ne a gidanmu na Takur. Duk yamma kafin magariba Umma takan ɗiga shi a kusurwoyin ɗaki, ta ja ƙofa, ta kore mu tsakar gida har warin ya lafa. Da shi ake kashe sauro, da shi ake kashe kyankyaso da kuɗin cizo. A ƙauye kuwa aikinsa ya fi haka, don a kan wake ake yayyafa shi kafin a ɗinke buhu, saboda ƙwari. Kowa ya san guba ne. Kowa kuma yana cin ƙosai.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka fara maganarsa a rediyo. Aka ce gwamnati ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe, sai dai manya, su ma a shagon kayan noma kaɗai. Mai sayar mana da shi a Yalwawa mutum ne mai bin doka. Ya kwashe ƙananan kwalaben nan masu hoton ƙoƙon kai da jan rubutu daga teburinsa tas, ya sayo babbar jarka, yana zuƙowa da sirinji yana ɗura wa mutane a kwalaben maganin tari da na turare. Dole Umma ta ɗaura wa tamu jan zare a wuya, don kada mai tari ya yi kuskure. Daga baya aka ce an kafa kwamiti da zai zagaya ya ga yadda manoma ke amfani da shi, a duba ko za a hana shi gaba ɗaya.

Hutun bazarar wannan shekarar a wurin Kaka na yi shi, mahaifiyar Baba, a wani ƙauye gaba da Aujara kaɗan. Ni ba mai magana ba ce. In aka yi baƙi nakan nemi bayan zana ko gindin turmi in zauna, har mutane su manta ina wurin. Kaka takan ce da a ce bakina ya kai idona aiki, da tuni na tayar da gari.

Kaka tana da wani wake nata. Ƙananan ƙwaya ne, jaja-jaja, mai saurin nuna a tukunya, in an yi alala da shi ba ya neman mai da yawa. Daga gidan mahaifiyarta ta zo da irin, kuma shi take shukawa a gayaunarta duk damina. Sauran mutanen garin sun daɗe da komawa farin wake mai manyan ƙwaya, wanda 'yan kasuwa ke so, don haka babu mai irin nata sai ita. Daminar da ta wuce awaki sun yi mata ɓarna a gona, abin da ta samu bai fi rabin buhu ba. Ta hana kowa taɓawa, har ita kanta. Ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta cuɗa shi da rairayi da toka, ta zuba a randa, ta kifa kasko a baki ta liƙe da laka. Iri ne, sai damina.

Kada a ce wani sani ne ya hana ta zuba fiya-fiya. Atishawa yake sa ta, kuma Kaka ba ta son duk abin da sai an saya.

Wata ranar kasuwa malamin gona ya zo a babur ya shaida wa mai unguwa cewa kwamitin nan zai biyo ta garinmu, za su ga manoma, za su ga wake. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Ban taɓa ganin maza suna aiki da sauri irin na wannan makon ba. Aka yi ta fito da buhunan wake daga ɗakuna ana kai su bayan gari, ana tura su ƙarƙashin tarin harawa. Kwalabe kuwa wasu aka binne a turken awaki, wasu aka soke a jinka. Mata suka yi ta turare ɗakuna da turaren wuta kamar za a kawo amare, don warin ya riga ya kama bango. Sai da aka gama ɓoye komai tas, sannan wani ya tuna cewa baƙin wake za su zo gani.

Mai unguwa da kansa ya yi sallama a gidanmu. Ya tsuguna a bakin ɗakin Kaka, ya gaishe ta har da tambayar ƙafa.

"Inna, wata alfarma ce ta kawo ni. Duk garin nan ke kaɗai ce wakenki ba ya wari."

"Yau kuka san da ni?" in ji Kaka. "Ba kai ne ka ce wakena abincin kaji ba ne?"

"Wasa ne, Inna. Kallo kawai za su yi, su ɗauki hoto. An ce har a talabijin za a nuna."

"Ni ko waken?"

"Ku duka."

Kaka ta sosa gwiwa. Na ga bakinta yana so ya yi murmushi tana danne shi. Ta ce randar ba a buɗe ta sai ruwa ya sauka. Mai unguwa ya ce ai in baƙi sun tafi sai a mayar a liƙe, shi zai kawo lakar da hannunsa. Washegari ta fasa liƙin. Ni da ita muka wuni muna tankaɗe rairayi da rariya, tana sheƙewa a faifai, muna zubawa a sabon buhun da mai unguwa ya aiko. Waken ya fito sumul, babu huji ko ɗaya. Ta ɗebo a tafin hannu ta nuna mini.

"Kin gani, 'yar birni? Ki gaya wa uwarki haka wake yake."

An kafa rumfa a ƙofar gidan mai unguwa, aka aro kujerun roba daga Aujara. Da safe, don kada ƙuda da tururuwa su dami manyan baƙi, aka bi ƙasan rumfar da ƙafafun kujeru aka yayyafe su da fiya-fiya, sannan aka watsa ruwa aka share. Mata kuma tun asuba suke niƙa. Da waken mai unguwa aka yi alala da ƙosai, wanda aka je aka zaro daga ƙarƙashin harawa.

Sai bayan azahar motoci biyu suka iso. Shugaban kwamitin babban mutum ne, ya ɗora farar rigar likitoci a kan babbar riga, maɓallan sun ƙi haɗuwa. Takunkumin fuskarsa yana ƙarƙashin haɓa. A bayansa akwai mai ɗaukar hoto da wasu maza masu riƙe da jakunkuna, sai mace ɗaya da na gane nan take. Maƙwabciyarmu ce a Takur, 'yar Filato, muna ce mata Anti. Duk Kirsimeti takan aiko mana da shinkafa da cincin. Ita ce mai aikin ɗakin gwaji a cikinsu. Ta hango ni a bayan zana ta ɗaga mini gira, ni kuma na ƙara shigewa ciki.

Aka fara da abinci. Shugaba ya ci alala ya ƙara, ya ce irin wannan ba a samunta a birni. Ya waiga hagu da dama ya yaba wa mai unguwa, ya ce ya zagaya garuruwa da yawa bai ga inda babu ƙuda kamar nan ba, wannan alamar tsafta ce. Mai unguwa ya ce, "Muna ƙoƙari, ranka ya daɗe." Anti ce kawai na ga tana shinshina iska, ta ɗauki ƙosai ɗaya ta juya shi ta mayar, ta ce ita ruwa ya ishe ta.

Da aka wanke hannu Shugaba ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo a kan illar maganin, yadda yake taɓa hanta da ƙoda, yadda ƙasashen waje ke dawo mana da wakenmu. Mutane suna ta "Subhanallahi" kamar yau suka fara jin sunansa. Sai ya ce duk mai zuba fiya-fiya a wake ya ɗaga hannu, ba za a yi masa komai ba, sani kawai ake so a yi. Na bi layin maza da ido. Kowa ya soke hannuwansa a cikin riga. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Wane iri ne kuma fiya-fiya?" Shi ne kuwa mai sayar da shi a garin.

Aka kira Kaka. Ta fito da zanen da take zuwa Idi da shi, yara biyu suna ɗauke da buhun a bayanta. Shugaba ya sa safar hannu ta roba, ya tsoma hannu cikin waken, ya ɗebo ya matso da shi kusa da tabarau.

"Iya, tun yaushe waken nan yake a ajiye?"

"Tun kaka, ranka ya daɗe."

"Tun kaka? Babu huji ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Tona har ƙasa ka gani."

Ya tona. Ya waiga ya dubi mutanensa, suka gyaɗa kai. Kaka ta ɗauka yabo ne, ta gyara tsayuwa ta fuskanci mai hoto. Shugaba ya zubar da waken, ya buɗe tafinsa ya ɗaga sama. Wani fari-farin gari ya manne a safar.

"Wannan fa?"

"Toka ce."

"Toka." Ya yi 'yar dariya. "Duk inda muka je haka ake ce mana. Jama'a, ku manoma ne, ku gaya mini. A wannan zamanin akwai waken da zai kai bazara ƙwaro bai taɓa shi ba, in ba a zuba masa wani abu ba?"

Kowa a wurin ya san randar Kaka. Rabinsu sun sha yi mata dariya a kanta. Amma babu wanda ya ce uffan. Na ji wani irin numfashi ya sauka a rumfar, irin wanda ajinmu ke saukewa in malami ya kama wata da surutu ya ƙyale sauran. An samu mai laifi, kuma ba su ba ne. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsufa ne, ranka ya daɗe. A yi mata afuwa."

Kaka ta juya ta dube shi. Bai ɗago ba.

"Ku zo ku ga randar," ta ce. "Rairayin ma yana nan a tsakar gida ban kwashe ba."

Shugaba ya ce ba sai sun je ba, na'ura ce za ta faɗi gaskiya, za a tafi da waken a gwada. Anti ta matso da wata 'yar leda ta ce cikin hannu ɗaya ma ya isa gwaji. Ya ce a'a, in guba ce ba zai bar ta a hannun jama'a ba, alhakin yana wuyansa. Mai hoto shi ma ya ce leda ba za ta fito da kyau ba. Aka ɗaure bakin buhun aka ɗora a bayan mota. Rana ta haske hoton, sai aka sauke aka juya motar aka sake ɗorawa, Shugaba yana dafe da shi.

"Iri ne fa," in ji Kaka. Muryarta ta canza. "Ba ni da wani. Damina na tafe."

"Kada ki damu, Iya. Kafin ruwa ya sauka an gama. In babu komai, har gida za a kawo miki."

Aka naɗe musu sauran alalar a leda suka tafi da ita.

Hutu ya ƙare na koma Takur. Baba malamin firamare ne, mutum mai gudun ofis. In zai shiga inda akwai na'urar sanyaya ɗaki sai ya canza hula. Amma ya yi ta zuwa ofishin kwamitin nan bayan an tashi daga makaranta. Yau a ce na'urar gwajin tana wani gari. Gobe a ce na'urar tana nan, ruwan da take aiki da shi ne ya ƙare. Wani zuwan a ce Shugaba ya tafi taro a kan illar maganin. Kaka kuma tana aron wayar maƙwabta tana kira, ba ta ko tsayawa gaisuwa.

"Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ina wakena?"

"Ana kan aiki, Inna."

"Aikin me? Ƙirga shi suke yi?"

Ruwa ya sauka. Aka shuka gero ya fito, aka yi noman fari. Lokacin soka wake a tsakanin gero ya yi, har masu sauri sun gama. Sai ga Anti wata yamma ta leƙo ta katanga ta ce wa Baba sakamako ya fito, ya je gobe. Baba ya tambaye ta me aka gani. Ta ce ya dai je. Da Kaka ta ji, ta ce lallai ya tafi da ni, don ni na san waken, kada a musanya mata da na kasuwa.

Daga makaranta Baba ya ɗauke ni a babur, ko kayan makaranta ban cire ba. Aka ce Shugaba yana da baƙi, mu jira. Muna zaune a benci sai wani dattijo mai tarin makullai a ƙugu ya zo ya gaisa da Baba. Shi ne mai kula da sito. Sun saba saboda yawan zuwan Baba.

"Malam, ka taɓa ganin kayanka kuwa? Zo ka gani, don ka san ba a wulaƙanta su ba."

Ya kai mu wani ɗaki a bayan ginin. Yana buɗe ƙofa warin ya buge ni har cikin ido. A gefe ɗaya kwalaye ne cike da ƙananan kwalaben da aka ƙwace a kasuwanni, masu hoton ƙoƙon kai. A ɗaya gefen buhuna ne jingine da bango. Ƙasan ɗakin baƙi ƙirin da matattun ƙwari, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Na gane buhun Kaka. Na kwance bakinsa na duba. Waken nata ne, amma ya yi huji-huji, ya yi laushi, yana maiƙo.

"Ai Allah ne ya sa na lura," in ji dattijon. "Wasu buhuna aka kawo daga kasuwa cike da ƙwari, kafin ka ce me sun bi ɗakin duka. Na ce kayan gwamnati ne, shaida ce, in ta lalace ni za a tambaya. Na faɗa a sama aka ce a jira Shugaba. Sai na duba na ga ai ga magani nan jibge a kwali, yana zaman banza."

Baba ya juyo ya dube shi. "Ka zuba masa?"

"Sosai ma. Ba sau ɗaya ba. Naka har na fi ba shi, don na ga kana damuwa da shi."

"Dattijo," in ji Baba a hankali, "yaushe aka ɗebi wanda aka gwada?"

"Bayan nan ne, kwanan nan. Ai da ban zuba ba me za su samu su gwada? Gari?"

Yana murmushi yana jiran godiya. Baba kuwa ya yi masa godiyar.

Ofishin Shugaba da sanyi kamar cikin randa. Baba ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da babu wanda ya cire. Anti tana tsaye a gefe. Shugaba ya ce ya yi baƙin ciki, amma na'ura ba ta ƙarya. An samu maganin a waken, ya ninka abin da doka ta yarda da shi nesa ba kusa ba. A duk zagayen da suka yi ba su ga mai yawansa ba. Ya ce saboda shekarun tsohuwa ba za a kai maganar gaba ba, sai dai Baba ya je ya yi mata nasiha.

Baba ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan ya faɗi abin da muka ji a sito, yana faɗa yana ba da haƙuri, kamar shi ne ya zuba.

Shugaba ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam, so nake in fahimce ka. Kana nufin ofishin nan ne ya sa wa wake guba?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba ofis ba. Kuskure ne kawai na..."

"Na wa? In mai sito ne, sai a kira shi yanzu ka maimaita a gabansa. Taɓa kayan shaida ba ƙaramin laifi ba ne. Saura kaɗan ya yi ritaya, amma doka doka ce. In kira shi?"

Baba ya dubi ƙasa. Anti ta ce, "Oga, da an ɗebi samfurin tun a ƙauyen kamar yadda na ce..." Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba. Ya ce rahoto ya riga ya tafi sama, kuma waken nan na cikin manyan hujjojin da za su sa a ƙara tsaurara doka, don haka Baba ya ɗauka cewa mahaifiyarsa ta taimaki ƙasa. Buhun kuwa za a ƙone shi tare da sauran a gaban 'yan jarida, da zarar an sa rana.

"Iri ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Ba ci za a yi ba. Ko kwano ɗaya ne."

"Ka ga na yi kama da mai raba guba?"

Baba ya yi godiya muka fito. A baranda ya kasa sa takalminsa daidai, sai da ya zauna.

Mai sito ya tare mu a bakin ƙofar fita yana tambaya ko an dace. Baba ya ce za a ƙone. Bai gaya masa sauran ba. Ya ce dai irin tsohuwa ne, ba ta da wani.

"Iri? Haba Malam, ai da ka faɗa tuntuni." Ya waiga ya ga babu kowa. "Babu wanda ya auna buhun nan. 'Yata, zo da jakarki."

Na bi shi. Ya sa na buɗe jakar makarantata, ya yi ta ɗibar waken da hannu biyu yana zubawa a kan littattafaina, yana cewa wuta ba za ta san an rage ba. Har ƙarshen zangon nan jakata ba ta daina wari ba. Wadda muke zama benci ɗaya ta koma baya, ta ce ina sa mata ciwon kai. Ban yi mata bayani ba.

Ranar Asabar muka kai wa Kaka. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a waje, na juye waken a faifai. Tun kafin ta taɓa ta fara atishawa. Baba ya tsuguna ya ba ta labari tun daga sito har ofis, yana rage wasu wuraren. Ta saurara tana share hanci da gefen zane.

"To, yanzu an tabbatar na zuba ke nan?"

"Haka na'ura ta ce, Inna."

"Su suka zuba, su suka gwada, su suka gani. Kai kuma ka yi godiya ka fito."

"Mutumin zai rasa aikinsa ne, Inna."

"Na ji. Matsa ka ba ni haske."

Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ce in zauna. Muka shiga tsinta. Mai huji ɗaya a gefe, in idon waken lafiya yake, ta ce a ajiye, zai iya fitowa. Mai huji biyu ko uku a zubar can nesa da kaji. In ka matsa wani sai ya fashe ya zama gari. Idona ya fi nata, don haka ni nake tsamowa ita tana yanke hukunci. Muna cikin haka mai unguwa ya shigo jaje, ya ce wallahi abin ya dame shi, in tana so zai ba ta farin wake ta shuka.

"Wanne? Na ƙarƙashin harawa?" in ji Kaka. "Bar shi, ka yi wa baƙi alala. Ni tsufa ya hana ni ganewa."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Inna ba ta mantuwa, ya fita.

Abin da muka tsinta bai cika ƙaramin kwano ba. Washegari da safe muka tafi gayauna. Gero ya riga ya kai gwiwa, lokaci ya ɗan wuce. Kaka tana sara rami da sungumi, ni ina jefa ƙwaya. Da can uku-uku take sawa. Ranar ta ce ɗaya-ɗaya, kuma in na kuskura na yar da wata a ƙasa sai ta tsaya har na nemo ta. Kunyoyi kaɗan muka shuka, a gefen da take iya hangowa daga gida, sauran gonar ta bar wa gero. Ta kewaye wurin da ƙaya, ta yi wa masu awaki kashedi gida-gida.

Da yawa bai fito ba. Wanda ya fito kuwa ya yi yaɗo, ya yi fure, ruwa ya ɗauke masa da wuri. Da lokacin girbi ya yi, ta samu abin da bai fi kwano biyu ba. Shekara ta biyu ke nan babu wanda ya ɗanɗana alalar waken nan, ta mayar da shi duka cikin toka, a wata 'yar tukunya da ta tura ƙarƙashin gadonta. Na je hutun ƙarshen shekara na tarar ta liƙe bakin da laka har hawa biyu. Ranar da zan dawo ta raka ni bakin zaure, ta ba ni ƙullin daddawa in kai wa Umma.

"Ki gaya wa ubanki," ta ce, "in gwamnati ta sake neman wake, ya je kasuwa ya saya mata."